Ƙuri'a daban, kujera daban: yadda ya kamata a karanta sakamakon zaɓen 'yan majalisa

Kimanin makonni biyar ne tsakanin zaɓen 'yan majalisar dokokin Afirka ta Kudu, wanda aka yi ranar 29 ga Mayun 2024, da na Birtaniya da aka yi ranar 4 ga Yuli. A na farkon, jam'iyyar ANC mai mulki ta tashi da kashi 40 cikin 100 na ƙuri'un da aka kaɗa, sai labari ya karaɗe duniya cewa ta sha ƙasa, dole ta shiga neman abokan tafiya kafin ta iya kafa gwamnati. A na biyun, jam'iyyar Labour ta samu kashi 33.7 cikin 100, aka ce ta yi wa abokan hamayyarta fintinkau, kuma washegari Keir Starmer ya zama firaminista ba tare da ya nemi alfarmar kowa ba. Duka labaran biyu gaskiya ne. Mai kashi 40 ya rasa rinjaye, mai ƙasa da kashi 34 kuma ya kwashe kujeru 411 daga cikin 650.

Abin da ya kawo haka shi ne ƙuri'a ba ta zama kujera da kanta. Akwai doka a tsakani, wadda ke faɗin yadda za a mayar da miliyoyin ƙuri'u su koma 'yan ɗaruruwan kujeru. Kowace ƙasa da mudun da take awo da shi, kuma wani mudun yana yi wa babba ƙari ya tauye ƙarami. Wanda ya karanta sakamako bai san wannan doka ba, rabin labari ya ji.

A Birtaniya an yanka ƙasar zuwa mazaɓu 650, kowace mazaɓa da wakili ɗaya. Duk ɗan takarar da ya fi sauran ƙuri'a shi ya ci, ko da da ƙuri'a ɗaya ce, kuma ba a buƙatar ya kai rabi. Wannan tsari ne Indiya da Kanada da Najeriya da Ghana da Kenya suka gada. Sauƙinsa a fili yake, kowa na iya fahimtarsa. Amma sai an leƙa mazaɓa guda ake ganin abin da yake ɓoyewa.

Ga mazaɓar Kudu maso Yammacin Norfolk, wadda tsohuwar firaminista Liz Truss ta jam'iyyar Conservative ta wakilta har zuwa 2024. A zaɓen 2019 ta ba wanda ke bi mata ratar ƙuri'u sama da 26,000, wato kujerar da ba a ma tunanin za ta girgiza. A 2024 ɗan takarar Labour, Terry Jermy, ya kayar da ita da ratar ƙuri'u 630 kacal, kuma abin da ya samu gaba ɗaya bai kai kashi 27 cikin 100 ba. Mutanen yankin ba su wayi gari sun koma 'yan Labour ba. Magoya bayan Conservative ne suka dare: wasu suka tsaya wa Truss, kusan dubu goma suka bi jam'iyyar Reform ta Nigel Farage, wasu dubbai kuma suka bi wani ɗan takara mai zaman kansa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A ƙarshe, kusan mutum uku cikin kowane huɗu da suka fita zaɓe a mazaɓar ba su zaɓi wanda ya zama wakilinsu ba.

Irin haka ta faru a mazaɓu da dama, shi ya sa lissafin ƙasa baki ɗaya ya fito da ban mamaki. Conservative ta rikito zuwa kujeru 121, mafi ƙaranci a tarihinta. Reform ta samu ƙuri'u sama da miliyan 4, kashi 14.3 cikin 100, amma kujeru 5 kawai ta tsira da su. Jam'iyyar Liberal Democrat ba ta kai Reform ƙuri'a ba, kashi 12.2 ta samu, amma ta shiga majalisa da wakilai 72, saboda ta tattara ƙarfinta a mazaɓun da ta san za ta iya ci, ita kuwa Reform ƙuri'unta a warwatse suke, tana zuwa ta biyu ko ta uku a wurare birjik. Idan aka raba ƙuri'u da kujeru, kowace kujerar Labour ta tashi a kan ƙuri'u kusan 24,000, ta Reform kuma sama da 800,000. Ko mutum ba ya ƙaunar siyasar Farage, kuma akwai dalilai masu ƙarfi na ƙin ta, da wuya ya kalli wannan ya kira shi adalci ga waɗanda suka kaɗa ƙuri'ar.

Akwai kuma adadin da ba a cika sanyawa a kanun labarai ba. Labour ta samu ƙuri'u kusan miliyan 9.7 a 2024. A 2019, lokacin da Jeremy Corbyn ke jagorantarta, ta samu sama da miliyan 10, amma kujerunta ba su wuce 203 ba, aka ce ta yi faɗuwar da rabonta da irinta tun 1935. Ƙuri'unta sun ragu, kujerunta sun ninka. Sannan kusan kashi 60 cikin 100 ne kawai na masu rajista suka fita zaɓe, wato a cikin kowane mutum biyar da ke da rajista, ɗaya ne ya zaɓi jam'iyyar da ta mallaki majalisar. Gwamnatin da ta kalli yawan kujerunta ta ɗauka ƙaunar jama'a ce, ta yaudari kanta, domin dokar da ta ɗaga ta da ƙuri'u kaɗan ita ce za ta iya kayar da ita idan ƙuri'u kaɗan suka juya.

Kada dai a ɗauka tsarin mazaɓa ba shi da alheri. Yana da wani abu mai daraja ƙwarai: wakili na da suna, yana da fuska, kuma mutanen yanki na iya hukunta shi kai tsaye. A Leicester ta Kudu, Jonathan Ashworth jigo ne a Labour, ana sa ran zai zama minista da zarar jam'iyyar ta ci. Masu zaɓe da yawa a can, musamman Musulmi, sun fusata da matsayin jam'iyyar kan yaƙin Gaza, suka mara wa Shockat Adam baya, ɗan takara mai zaman kansa, ya kayar da Ashworth da ratar ƙuri'u 979. A daren da jam'iyyarsa ke shagalin nasara, shi ya rasa kujerarsa. Haka aka yi a Blackburn, da Perry Barr a Birmingham, da Dewsbury da Batley. Shi ma Corbyn, da aka hana shi tikiti, ya tsaya da ƙafarsa a Islington ta Arewa ya ci. Waɗannan nasarori ba sa bayyana a kason jam'iyyu na ƙasa, amma sun nuna cewa al'ummar da ke zaune wuri ɗaya tana iya sa babbar jam'iyya ta saurara.

Afirka ta Kudu ta ɗauki wata hanyar dabam tun zaɓen 1994, kuma da gangan ta ɗauka. Ƙasar da ke fitowa daga mulkin wariyar launin fata ba ta so a bar kowane ɓangare a waje. Saboda haka kujeru 400 na majalisar wakilai ana raba su ne gwargwadon ƙuri'un da kowace jam'iyya ta samu. ANC ta samu kashi 40.18, aka ba ta kujeru 159. DA, babbar jam'iyyar adawa a lokacin, ta samu kashi 21.81, kujeru 87. Jam'iyyar MK ta tsohon shugaba Jacob Zuma, wadda ba ta kai shekara guda da kafuwa ba, ta samu kashi 14.58, kujeru 58. EFF ta Julius Malema ta samu 39, IFP 17. Jam'iyyu 18 ne suka shiga majalisar, har da masu kujera ɗai-ɗai. A lura da MK: kasonta kusan daidai yake da na Reform a Birtaniya, amma ita ta zama jam'iyya ta uku mafi girma, waccan kuwa wakilanta ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba.

Faɗuwar ANC ta gaske ce. A 2019 tana da kashi 57.5 da kujeru 230, kuma tun 1994 ba ta taɓa kasa kai rabi ba. Ɗauke wutar lantarki na sa'o'i a kullum, rashin aikin yi da ya haura kashi 30 cikin 100, da badaƙalar cin hanci ta shekarun Zuma, duk sun ci mata tuwo a ƙwarya. Babban rauninta kuwa daga gida ya fito, domin a lardin KwaZulu-Natal MK ta janye mata magoya baya da yawa. Tun da majalisa ce ke zaɓen shugaban ƙasa a can, ba jama'a kai tsaye ba, rasa rinjaye na nufin kujerar Cyril Ramaphosa kanta ta shiga ciniki. Ranar 14 ga Yuni aka sake zaɓensa da ƙuri'u 283, Malema ya samu 44, bayan ANC ta ƙulla yarjejeniya da DA da IFP da wasu ƙananan jam'iyyu, aka kira abin gwamnatin haɗin kan ƙasa. Shugaban DA na lokacin, John Steenhuisen, wanda ya shafe shekaru yana caccakar ANC, ya zama ministan noma.

Zaman ba na lafiya lau ba ne. A Fabrairun 2025 sai da aka ɗage gabatar da kasafin kuɗi saboda abokan tafiyar sun ƙi yarda da ƙarin harajin kayan masarufi, kuma daga bisani aka janye ƙarin gaba ɗaya. Wasu na ganin wannan alamar rauni ce. Ni a wurina aikin majalisa ke nan: jam'iyyar da mutum shida cikin goma ba su zaɓa ba, bai kamata ta ƙara wa kowa haraji ba sai ta shawo kan wasu.

Sai dai ga inda gizo ke saƙa. Mai zaɓe a Durban ko Soweto jam'iyya yake dangwala wa, jam'iyyar ce kuma ke jera sunayen waɗanda za su shiga majalisa. Wanda ke saman jerin ya shiga, na ƙasa ya jira. Tsarin mulki ya tanadi cewa wakilin da ya daina zama ɗan jam'iyyar da ta kawo shi ya rasa kujerarsa. To wa wakili zai ji tsoro, talakan da bai ma san sunansa ba, ko sakatariyar jam'iyya? An ga amsar a rikicin gidan Zuma na Nkandla, da aka gyara da kuɗin gwamnati. A Maris na 2016 kotun tsarin mulki ta yanke hukuncin cewa majalisar ta gaza sauke nauyin da ke kanta na bin diddigin shugaban ƙasa. 'Yan majalisar ANC sun kare shi, domin makomarsu na hannun waɗanda ke rubuta jerin sunaye. An sake gani a Agustan 2024, lokacin da MK ta sallami wakilanta fiye da goma 'yan makonni bayan rantsar da su, ta maye gurbinsu da wasu, ba tare da an tambayi mai zaɓe ko ɗaya ba. A 2024 aka fara ba 'yan takara masu zaman kansu damar tsayawa, amma babu wanda ya kai bantensa.

Ƙasashe da yawa masu rabon kujeru gwargwadon ƙuri'a sun gindaya wani shinge: jam'iyyar da ba ta kai wani kaso ba, ba ta da rabo. A Jamus kashi 5 ne. A zaɓen 23 ga Fabrairun 2025, jam'iyyar BSW ta Sahra Wagenknecht ta tsaya a kashi 4.98, ƙuri'u ƙasa da dubu goma suka rage mata, ta tashi a tutar babu. Wannan ɗan giɓin shi ya tsara gwamnatin Jamus. CDU da ƙawarta CSU sun samu kujeru 208, SPD 120, jimla 328 daga cikin 630, rinjaye ɗan siriri. Da BSW ta tsallake, da an rage wa kowa kujeru, su biyun ba za su isa ba, sai sun nemo ta uku. A Turkiyya abin ya fi haka tsanani a 2002, lokacin da shingen yake kashi 10: jam'iyyu biyu ne kawai suka haye, AKP ta Recep Tayyip Erdoğan ta samu kujeru 363 cikin 550 da kashi 34 na ƙuri'u, kusan kashi 45 na ƙuri'un ƙasar kuma suka tafi ga jam'iyyun da ba su samu ko kujera ɗaya ba.

Abin da ya fi damuna a duk wannan lissafi shi ne batun gyaran tsarin mulki. Ƙasashe kan ce ba a taɓa kundin sai da kashi biyu bisa uku, ko uku bisa biyar, na majalisa. Hikimar ita ce kada ɓangare ɗaya ya sauya dokar wasa shi kaɗai. Amma kujeru ake ƙirgawa, ba ƙuri'un jama'a ba, kuma mun ga yadda doka ke iya kumbura kujeru. A Senegal, bayan Shugaba Bassirou Diomaye Faye ya rushe majalisa a Satumbar 2024, an yi zaɓe ranar 17 ga Nuwamba. Jam'iyyar Pastef ƙarƙashin Ousmane Sonko ta samu kusan kashi 55, nasara ce halastacciya, ba mai musu. Sai dai daga cikin kujeru 165, guda 53 ne kawai ake rabawa gwargwadon ƙuri'a. Sauran 112 ana cin su ne gunduma-gunduma, kuma jerin da ya zo na ɗaya shi ke kwashe duk kujerun gundumar, kamar bakwai ɗin Dakar. Ta haka Pastef ta tashi da 130, ƙawancen tsohon shugaba Macky Sall ya samu 16, na Amadou Ba 7. Da gwargwadon ƙuri'a aka raba duka, da kujerun Pastef ba su wuce 91 ba, ƙasa da 99 ɗin da ke cika uku bisa biyar. Dokar ce ta miƙa mata mabuɗin tsarin mulki, ba masu zaɓe ba. Ba ina zargin shugabannin Senegal da mugun nufi ba ne. Amma Hungary ta nuna inda wannan hanya kan kai: a 2010 jam'iyyar Fidesz ta Viktor Orbán ta samu kusan kashi 53, ta mallaki kujeru 263 cikin 386, ta rubuta sabon tsarin mulki a 2011, ta rage kujerun majalisa zuwa 199, ta sake shata mazaɓu. A 2014 ƙuri'unta suka sauka zuwa kusan kashi 45, amma ta riƙe biyu bisa ukunta da kujeru 133.

Faransa kuwa zagaye biyu take yi. A zagayen farko na 30 ga Yunin 2024, jam'iyyar Marine Le Pen da ƙawayenta suka zo na ɗaya da kusan kashi 33. Kafin 7 ga Yuli, 'yan takara sama da 200 na ɓangaren hagu da na Shugaba Emmanuel Macron suka janye wa juna don kada ƙuri'arsu ta rabu, sai ɓangaren Le Pen ya koma na uku a yawan kujeru. Babu wanda ya kusanci 289 ɗin da ake buƙata cikin 577, kuma gwamnatin Michel Barnier ba ta wuce wata uku ba majalisa ta kifar da ita.

Wannan magana ba ta lissafi kaɗai ba ce, tana iya kaiwa ga zubar da jini. A Lesotho a 1998, jam'iyyar LCD ta samu kusan kashi 60 na ƙuri'u, ta kwashe kujeru 79 cikin 80. 'Yan adawa da suka tara kashi 40 suka ga kansu da kujera ɗaya tal, suka ce maguɗi aka yi. Zanga-zanga ta ɓarke, wasu sojoji suka yi bore, dakarun Afirka ta Kudu da Botswana suka shiga ƙasar a watan Satumba, aka ƙone wani babban sashe na tsakiyar birnin Maseru. Mutumin da ya ga maƙwabtansa da yawa sun zaɓi jam'iyyarsa, sannan aka ce masa ba ta da kowa a majalisa, da wuya ka gamsar da shi cewa ba sata aka yi ba, ko da kuwa an ƙirga kowace ƙuri'a daidai. Daga zaɓen 2002 Lesotho ta koma kujeru 120: guda 80 na mazaɓu, 40 kuma na cike giɓi ga jam'iyyun da mazaɓu suka tauye. A Botswana kuwa, dokar da ta yi wa jam'iyyar BDP mai mulki gata shekaru 58 ita ce ta juya mata baya a Oktoban 2024: ta zo ta biyu a yawan ƙuri'u da kusan kashi 30, amma ta huɗu a kujeru, guda 4 cikin 61. Shugaba Mokgweetsi Masisi na BDP ya amsa shan kaye, ya miƙa wa Duma Boko mulki lami lafiya, abin da ya cancanci yabo.

A ganina, tsarin da ya haɗa biyun, wakilin mazaɓa da ake iya kamawa da suna da kuma kujerun cike giɓi, shi ya fi kusa da adalci, duk da cewa shi ma 'yan siyasa kan nemo masa kafa. Matsalar ita ce waɗanda ke da ikon sauya dokar su ne waɗanda dokar ta kawo. A Afirka ta Kudu kwamitin Frederik van Zyl Slabbert ya ba da shawarar shigo da mazaɓu tun 2003, aka ajiye rahoton. A Kanada Justin Trudeau ya yi alkawarin cewa zaɓen 2015 ne na ƙarshe da za a yi da tsohon tsari, ya ci rinjaye da shi, a 2017 ya janye maganar. Babban taron Labour na 2022 ya amince da ƙudurin komawa rabon kujeru gwargwadon ƙuri'a, amma shugabannin jam'iyyar ba su sa shi cikin alkawuran zaɓen 2024 ba. Su ma masu zaɓen Birtaniya sun taɓa yin watsi da wani ɗan gyara a ƙuri'ar raba gardama ta 2011, da kusan kashi 68 cikin 100.

New Zealand ce ta iya, kuma sai da abin ya kai wa jama'a iya wuya. A zaɓukan 1978 da 1981, sau biyu a jere, jam'iyyar Labour ta ƙasar ta fi National yawan ƙuri'u, amma National ce ta samu rinjayen kujeru ta kafa gwamnati. Aka naɗa kwamiti, ya ba da shawarar tsarin haɗaka irin na Jamus a 1986, manyan jam'iyyun biyu suka yi ta jan ƙafa. Da aka miƙa wa jama'a batun a ƙuri'ar raba gardama ta 1993, suka zaɓi sauyi, aka fara aiki da shi a 1996. A 2011 aka sake tambayarsu ko suna son komawa baya, suka ce a bar musu sabon.